Kwana Huɗu da Injin Bawa

Injin ban ruwa ba ya lalacewa lokacin sanyi. Wannan ne abu na farko da ba ku sani ba. Yana jira sai bazara ta kankama, kwalta ta fara laushi, kaji sun buɗe baki a gindin bango, sannan ya mutu. Kuma ba ɗaya ba, duka, kamar sun yi shawara. Watan da kowa ke neman inuwa, shi ne watan da nake samun na tuwo.

Ku samari kuna wucewa ta ƙofar garejina a unguwar Nasarawa, ku gan ni zaune bisa tsohuwar taya ina goge fulogi, ku ce wannan ai zama ne. Wani cikinku ya ce mini ya kalli yadda ake yi a waya, minti goma ya gane. Na tambaye shi ko wayar ta nuna masa inda gumi ke zuwa idan ya bar goshi. Bai sani ba. Cikin kafireta yake zuwa. Ɗigo guda ya isa injin ya yi ta tari, kai kuma kana zagin fulogi. Kwance inji da ɗaura shi kowa zai iya koya. Yin haka da azahar, kanka bai juye ba, shi ne sana'ar.

Aikina na farko, a Argungu, miƙo sifana ne. Maigidana Malam Ladan ya ce in ba shi mai lamba sha biyu. Tana kwance a rana tun hantsi. Na cafke ta da dukan tafin hannu. Sati guda da cokali nake cin tuwo, kamar ma'aikacin gwamnati. Malam Ladan bai ce mini sannu ba. Ya ce yanzu na san inda ake ajiye ƙarfe.

Wurin aikinsa rumfar zana ce kusa da gulbi, itace huɗu, babu bango. Yana da tsari. Aiki mai ƙananan kaya, irin kafireta, daga asuba zuwa hantsi, kafin hannu ya fara santsi. Aikin guduma bayan nan. Daga azahar zuwa la'asar, kwanciya. Kayan aiki ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu. Randa a binne rabi cikin yashi mai laima. Tsumma a goshi, a ɗaure ta ƙeya. Doka ta ƙarshe kuma, ba a ta da injin ruwa babu ruwa. Akwai wani ɗan zobe a cikinsa da muke kira sil, shi ke hana yoyo. Idan ya juya a bushe, ya ƙone. Saboda haka kowane gyara da gwaji yake ƙarewa: duro cike da ruwa, tiyo ɗaya na sha, ɗaya na mayarwa. Minti biyar, a kashe, mai shi ya ɗauka.

Shekara tara na yi a ƙarƙashin zanar nan, kuma na raina ta. Ƙadangaru na zubo mana datti, mutanen birni na sunkuyawa su shigo suna yatsine fuska. Na roƙi Allah ranar da zan buɗe nawa, ya zama ƙarƙashin kwano ne, da ƙofar ƙarfe.

Allah ya amsa. Na samu gida a Birnin Kebbi mai gareji a gaba. Wanda ya gina shi don mota ya gina, mota kuwa ba ta gumi. Rufin gajere ne, ina taɓa shi da hannu. Babu taga. Ƙofar yamma take kallo, don haka da rana ta karkata sai ta shigo ta zauna tare da ni. Na taɓa mantawa da kyandir a kan benci, na tarar da shi ya koma faifai.

Babu abin da ban gwada ba. Fanka, in an kawo wuta, aikinta ta kwaso zafin da ke kusurwa ta kawo maka shi fuska. Na koma kan buhu. Manoma na naɗo injinansu a tsofaffin buhunan shinkafa, irin na algarara, masu riƙe ruwa. Sai in karɓe, in kakkaɓe su ta kan katangar bayan gareji, in tsoma a ruwa, in rataye a ƙofa. Yana aiki, kamar na tsawon cire fistin guda. Daga nan ya bushe ya zama kilishi. Wata rana na gaji, na shiga duron gwaji na tsuguna, ruwa iya wuya. Wani Alhaji daga Gesse ya kawo injin lambunsa, ya yi sallama sau uku. A ta ukun wani kai ya amsa masa daga cikin duro. Ya ce zai je ya dawo. Har yau yana dawowa.

Wani manomin albasa daga wajen Augie ya kawo ɗan inji mai inci biyu, na canza masa ringi. Wurin gwaji, tiyon mayarwa ya suɓuce daga bakin duro, ya miƙe kamar maciji, ya aika ruwa kan kwano. Kwano ya yi ƙara kamar an jefa ƙosai a mai. Tururi ya tashi. Na zabura zan kashe, sai na tsaya, saboda nauyin da ke danne mini ƙeya shekara da shekaru ya ɗaga. Manomin ya tambaya ko wannan ma cikin gwajin ne. Na ce cikinsa ne, dole a ga iya tsawon da yake jefa ruwa.

Daga ranar gwaji ya koma kan rufi. Rijiyar gidana na jikin bangon gareji, can na zura tiyon sha. Na mayarwa na ɗaure shi a sanda. Ruwan ya bi kwano ya gangara baya, cikin wani siririn lungu tsakanin bangona da na maƙwabci, inda ba kowa ke bi ba, ni ma ban taɓa leƙawa ba. Gwaji ya tashi daga minti biyar ya koma awa guda. Sunana ya fita. Aka ce akwai makanike a Nasarawa da ba ya sakin inji sai ya yi aikin awa a gaban idonka. Manoma su zauna cikin sanyi, da fetur ɗinsu ake yi, suna yabon amanata. Ban ƙaryata su ba.

Sai muguwar shekara ta zo. Azumi ya faɗo tsakiyar bazara. Ruwan fadama ya yi ƙasa, rijiyoyin bututu da manoma ke haƙawa suka koma jan yashi, yashi kuwa cin sil yake. Injina suka taru mini kamar tumaki a kasuwa. Amma duk gajiyayyu ne, kuma kowane mai shi na zaune a kansa, ana gamawa ya saɓa ya tafi, babu mai jiran awa guda. Maƙogwaro ba ruwa, rufi kuma sai ɗan yayyafin gajeren gwaji. Da azahar sai in riƙa ganin sifana biyu, in rasa wadda zan ɗauka.

Cikin wannan hali Bawa ya zo. Ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata ya haife shi, ke nan taubashina. Shinkafa yake nomawa a fadamar Argungu, baki goma sha ɗaya ke ci daga gonarsa. Tun muna yara wasa ke tsakaninmu. Ya taɓa cire mini sabuwar hula a wurin suna ya ɗora wa mai kiɗa. Na taɓa ɓoye masa takalmi ranar ɗaurin aurensa, ya taka gida da ƙafa. Ƙa'idar guda ce: wanda ya yi fushi ya faɗi, dangi za su yi ta ba da labarinsa har ya tsufa.

Ranar Litinin da safe ya sauke injinsa daga bayan tasi. Inci uku ne, kusan sabo, ban taɓa samun irinsa a garejin nan ba. Ya ce yana yoyo, ba ya ja. Ya ce shinkafarsa ta ɗauki ciki, tana dab da fitar da kai, kuma a wannan lokacin ba ta haƙuri da ƙishi. Wani maƙwabcin gona ya yarda ya ara masa nasa na yinin ranar kawai, shi ya sa ba zai zauna ba. Gobe direban zai biyo ya ɗauka.

"Ka dai san inda sil yake ko, taubashi? Ko in zana maka a ƙasa?" in ji shi.

Na ce ya tafi kafin warin taki ya kashe mini injinan mutane.

Sil ne kuwa. Rabin awa na gama. Na ja igiya, ya tashi bugu ɗaya. Abin da ya biyo baya ban taɓa gani ba. Ruwan ya rufe kwanon gaba ɗaya, yana zuba ta kowane gefe kamar tsakiyar damina. A karon farko na ji sanyi a cikin garejin nan, sanyi na gaske, har na nemi riga. Ranar inji biyar na gyara. Na yi barcin rana, na tashi na san sunana.

Washegari direba ya zo. Na ce ba a gama ba.

Da na wani ne, ko da wasa ba zan yi ba. Baƙo zai kai ni gaban mai unguwa, ko ya ɗauke kayansa ya ɓata mini suna daga nan har Augie. Amma na Bawa ne. Na ɗauke shi wasa, na ce ramuwar hula ce. Kuma a raina gona ce a fadama, kusa da gulbi, kwana ɗaya ko biyu me zai yi mata? Ban taɓa noma ba. Cikin inji na sani kamar cikin aljihuna. Shinkafa kuwa a kwanon abinci kawai na san ta.

Ya bugo waya ranar Talata, na ce sil bai zauna ba. Ya bugo ranar Laraba, na ce ina gwaji, wanda ba ƙarya ba ne. Cikin gida nake shiga in amsa, can ƙuryar ɗaki, don kada ya ji muryar injinsa. Duk bugowar da dariya yake yi. Ya ce in na kasa in faɗa, akwai mai facin keke a Argungu da zai duba masa. Tunda yana dariya, na ce babu komai.

Ranar Alhamis bayan azahar, muna zaune cikin sanyi ni da manoma uku masu jiran gyara, sai ga Bawa a ƙofa. Bai bugo ba. Mai keke mai ƙafa uku ya sauke shi a layin baya, ya ratso ta lungun nan don ya yanke hanya. Rigarsa a jiƙe take daga kafaɗa zuwa ƙasa. A hannunsa akwai ɗanyen ganye cike da tafi.

"Taubashi, ashe noma kake, ba ka faɗi ba."

Na ce wane noma. Ya kama hannun rigata ya zagaya da ni. Daga bango zuwa bango, lungun cike yake da shinkafa. Ta kai gwiwa, kore shar har tana baƙi, tsaye cikin ruwa. Ƙwayoyin da nake kakkaɓewa daga buhuna ne suka samu ruwan gwaji kullum, da rana, da inuwar bango. Har da kwaɗi.

Bawa ya yi dariya har ya dafa bango. Ya kira manoman nan su zo su ga mutum ɗaya a Birnin Kebbi mai fadama a bayan gareji. Ya tambaye ni wane taki nake sawa, ya ce in taimake shi da iri. Ɗaya ya tsuguna ya taɓa ganyen, ya rantse ko a bakin gulbi bana bai ga irinta ba. Kowa na dariya, ni ma na yi.

Muka dawo ciki. Bawa ya ajiye ɗanyen ganyen bisa benci. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ganyen ya ajiye kusa da shi. Wannan ya nannaɗe kamar tsinken tsintsiya, bakinsa a ƙone.

"Wanga naka, wanga nawa," in ji shi. "Inji guda ke ba su ruwa."

Har lokacin dariya yake, amma haƙora ne kawai. Manoman suka daina dariya. Su sun san abin da ganyen ke nufi, ni a fuskarsu na karanta. Dattijon cikinsu bai dube ni ba, ƙasa ya duba, ya ce, "Kashe injin nan."

Na kashe. Kafin mu gama naɗe tiyo kwano ya bushe.

Na ba mutanen haƙuri, na rufe gareji, na bi Bawa Argungu. A mota ya ba direba da fasinjoji labarin fadamata. Da aka ɗauki wani a hanya, ya sake daga farko. Kalma ɗaya mai zafi bai faɗa mini ba. Ba zai iya ba, taubashi ne. Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

Gonar ta tsattsage, hannu na shiga. Kafin magariba na ɗaura inji a rijiyar farko. Ya ja ruwa, ya ja yashi. Dole a riƙa kashewa ana buɗewa ana wankewa, in ba haka ba sabon sil ɗin ma ya tafi. Wannan ba aikin manomi ba ne, don haka na zauna. Kwana uku na yi a fadamar nan da azumi a bakina, ba kwano, ba bishiya, ina ɗaukar inji mai inci uku daga wannan rijiya zuwa waccan. Kayan aikina cikin laka nake tura su don kada su ƙone ni. Bawa ya kafa itace huɗu ya ɗora ciyawa, ya zauna a ƙarƙashi yana jan ragamar ruwa da fartanya daga fangali zuwa fangali idan ya ga dama, yana ba ni shawarar in gwada da kyau, an ce ni gwanin gwaji ne. Da na matso kusa da inuwar, ya ce ta ƙananan manoma ce, manya irina masu gona a birni ba su buƙata. A rana ta biyu ya ɗan janye ƙafarsa. Na zauna.

Gefen kwari ya farfaɗo. A safiya ta biyu ganye ya warware, na tsaya ina kallo kamar ban taɓa ganin ganye ba. Gefen tudu bai dawo ba. Kamar rubu'in gonar ke nan. Ya fitar da kai daga baya, fari fat, ka murza ba komai a ciki. Abincin wata da watanni ne na gidan Bawa. Kwana huɗu na sanyin ƙeyata ne suka ci shi.

Da na dawo gida na leƙa lungu. Tawa ma ta nannaɗe. Na bar wa awakin maƙwabci.

Bayan Sallah, da aka yi girbi, wata akori-kura ta tsaya a ƙofar gareji da hantsi. Bawa ne a gaba. Ya sa aka sauke damman karan shinkafa, ɗaya bayan ɗaya, har suka toshe ƙofar. Na gefen tudun ne, fararen kawunan na jiki. Maƙwabta suka taru. Ya gaya musu bana tare muka yi noma da taubashinsa, shi ya ɗauki rabonsa, ga nawa ya kawo mini har gida, don shi ba ya cin amana. Ya tsaya sai da na yi godiya a gaban kowa, sannan ya shiga mota.

Kyautar taubashi ce, ba a mayarwa, ba a ƙonawa, ba a zubarwa a bola ido na gani. Ciki ba zai shiga ba, akwai fetur. Ga masu injina na jira, ba hanyar wucewa. Na jingina tsani na yi ta wurga shi bisa kwano don in samu ƙofa, na baza, na danne da tsofaffin tayoyi saboda iska.

Washegari da azahar ina cikin ɗaura wani fistin, na lura ban ɗaura tsumma a goshi ba, kuma ba abin da ke ɗiga. Na miƙa hannu na taɓa kwano daga ƙasa. Ɗumi kawai, kamar tafin mutum. Na zauna bisa taya na daɗe. Zanar Malam Ladan ce ta biyo ni har birni. Shekara tara na zauna ƙarƙashin maganin abin, ina yi masa kallon talauci.

Haka garejin yake har yau. Bokiti ɗaya nake watsa wa karan da safe, ya kai ni la'asar. Kafireta da asuba, guduma da hantsi, kayan aiki ƙarƙashin buhu, randa cikin yashi. Gwaji ya koma cikin duro, minti biyar. Wasu tsofaffin masu kawo mini aiki na cewa na yi sanyi, da na fi tsayawa a kan gwaji. Su ma ban ƙaryata su ba. Inji kuma ba ya kwana a wurina idan an gama shi, ko na wane ne. Wanda ke son koyo cikinku ya zo bayan asuba, ya bar wayar a gida. Zan ce ya miƙo mini sifana.

Damina na ruɓar da kara, don haka kowace shekara kafin bazara Bawa na kawo sabo. Daga gefen tudun nan yake yankowa, ba ya kawo na wani wuri. Idan injinsa ya samu matsala yana kawo mini, bai taɓa kai wa wani ba. Amma ba ya barinsa. Yana cire igiyar tayarwa ya sa a aljihu, ya zauna bisa duro yana kallon hannuna. Kafin ya zauna sai ya ɗaga kai ya gaida rufin.

"Sannunku da aiki," yake cewa. "Ba ku ciyar da gidana ba, amma kun yi wa taubashi inuwa."

Sannan ya ce in yi sauri, shinkafa na jira. Ni kuwa ina yi.